Wasiƙar da Waya Ta Rubuta

...a'a, ba zai yiwu ba. Minti ɗaya? Ko minti ɗayan ma bai cika ba. Malam Tasi'u yana riƙe da wayar Malama Monica, yana karanta wasiƙar karo na uku. Neman canjin wurin aiki ne, daga firamaren da take koyarwa a nan Gummi zuwa Bukkuyum, inda mijinta yake. A gabansa ta yi wa wayar magana — magana kawai, kamar mai sayen sabulu a kanti — sai ga Turanci yana zubowa layi bayan layi. Buɗewa daidai. Rufewa daidai. Ko waƙafi ɗaya bai samu na gyarawa ba, kuma wallahi nema yake yi.

Wai ta zo ne a fitar mata da ita a takarda. Shi ke nan. A fitar!

Shekara ashirin da shida yana rubuta wa mutane takardu a wannan shago daura da sakatariya. Tun zamanin tafireta, tun ana shafa farin ruwa a kan kuskure ana hurawa da baki. Wa ya nemi aiki a garin nan bai zauna a bencin nan ba? Takardar koke, takardar neman hutu, ta neman taki... Kuma duk sirrin yana cikin baƙin littafin nan da ya gada wurin maigidansa, tsohon akawun kotu. Yadda ake buɗe wa ciyaman wasiƙa daban, yadda ake buɗe wa alƙali daban. Yadda za ka roƙi babba ba tare da ka zubar da kanka ba. Littafin da ko hoto bai yarda a ɗauka ba, kullum yana durowa a kulle, makullin na aljihunsa. To me yake kullewa? Me yake ta kullewa shekara da shekaru, in ga shi nan kyauta a jakar kowace malama?

Inna lillahi... Hasana.

Tana can kusurwa, gaban kwamfuta ta biyu, ta juya masu baya. Ɗiyarsa ta fari. Kwamfutar da ya sayar da bijimi ya saya — bijimin da Innarta ta yi shekara biyu tana turkawa da sunan kuɗin makarantar yarinya. Takardar shiga makarantar koyon aikin lafiya ta zo, da hatiminta da komai, Hasana ta shigo da ita a guje ko takalmi babu. Shi kuwa ya karɓa, ya karanta, har ya yaba da tsarin Turancin. Sannan ya ninke.

Nuraddeen ƙanensa, mai aiki a asibitin Anka, ya biyo wannan hanya da kowa ke tsoro, takanas, don maganar. "Yaya, ka bar ɗiyar ga ta tahi. Tun lokacin gubar dalma ta Bagega muke neman hannu, ba mu samu ba. Ciwo ba ya ƙarewa." Shi kuma me ya ce? Kai, ya yi jawabi ranar! Ya gyara hula, ya ce aikin gwamnati jira ne, sana'a kuwa a hannunka take. Ya ce muddin akwai ofis a duniya sai an rubuta takarda, muddin ana rubuta takarda sai an zo wurin Tasi'u. Ya ce mai hankali yana zuba jari ne a abin da ya sani. Har masu zaman benci suna gyaɗa kai. Ai shi ne mai ba da shawara a garin nan, shi ake kawo wa yara a ce, Malam, wane layi ya dace da wannan? Shi... shi da bai san abin da ke cikin waya ba.

An rufe rajista wata biyar da suka wuce. An ba wata gurbin. Wata ɗiyar wani tana can da farin kaya.

"Malam Tasi'u, lafiya dai?" Malama Monica ce, ta miƙo hannu tana son wayarta. "Na ɗauka ka san abin. Ai Hasana ce ta saka min shi a wayar, ita ta koya min."

Wa?

Maɓallan kwamfutar kusurwa sun daina ƙara. Ba ta juyo ba. Wuyanta kawai yake gani ta cikin hijabi, ya sunkuya.

Hasana ce ta... To tsaya. Tsaya. Takardar koken manoman fadama, wadda ta sa har sakatare ya aiko a tambayi wa ya rubuta? Ranar ya fita sallar azahar, ya dawo ya tarar ta gama. Ya ɗauki takardar yana zagaya rumfuna da ita — ku gani, wata uku kacal a hannuna! Jini ba ya ƙarya! Har tsire ya saya mata. Ta karɓa ba ta ɗago ba, shi kuwa ya ce kunya ce. Ta mai neman aikin banki fa? Ta limamin nan? Duk wayar ce ta rubuta? Tun yaushe rabon da ta ce ya buɗe mata durowa? Bai lura ba. Wallahi bai lura ba, yana can yana ba mutane shawara.

Ta sani ke nan. Tun kafin a sayar da bijimin? Tun kafin. Ranar da Nuraddeen ya zo, da dare a gida bayan tuwo, ta durƙusa bakin tabarma da wayar a hannu, murya can ƙasa: "Baba, akwai wani abu da nika son in gwada maka..." Ya ce ta ajiye wannan shirmen, manya na magana. Ta ajiye. Ta ajiye, ta tashi ta ɗauke kwanuka.

Kunya ce ta kama shi, kunya da tsoro. Wata biyar yarinya tana zaune a kan kujerar da ta san ba ta da gobe. Tana gaishe shi da safe, tana share shago, tana rufa masa asiri a gaban mutane... don kada a ce mahaifinta bai sani ba.

Ya miƙa wa Monica wayarta. Ya kamata ya ce wani abu. A kira Nuraddeen? A ce masa me? Ko akwai wata takarda da ake rubutawa, ta roƙo, a ce a sake duba... wa ake aika wa? Yaya ake buɗe irin wannan? Babu ita a littafin. Ya san kowane shafi, babu ita.

"Hasana."

"Na'am, Baba."

Ta juyo. Idonta ya cika, kuma haƙuri take shirin ba shi — ita ce za ta ba shi haƙuri. Bakinsa a buɗe. Shekara ashirin da shida yana samo wa mutane kalmar da ta dace, ga ɗiyarsa tana jira... yana ta nema...