Ƙaramin Shasin Iddrisu

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Iddrisu, ɗakinsu na unguwar Maamobi ya yi wani irin shiru da matarsa Zuera ba ta saba da shi ba. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan sitiyarin babbar mota, ya kai gishiri Bawku, ya sauko da albasa. Yanzu hannun hagu ya mutu, ƙafa sai ja, magana kuwa sai an yi da gaske.

Zuera shinkafa da wake take sayarwa a bakin titin Nima. Wata rana da azahar ta dawo gida, Lariba maƙwabciyarsu ta tare ta tun a zaure.

"Ei, Mma Zuera, anya ciwon nan bai taɓa kan Baba ba? Tun safe yake wasa da gwangwani kamar yaro."

Ta same shi a ƙofar ɗaki, ya farke tsohuwar lemarta ya zare ƙarafan, ga gwangwanayen madara ya yanka ya baje. Yana danne wani falle da ƙafa yana son lanƙwasa shi da filaya, abin yana ta zamewa. Can ya yanke shi a yatsa. Ya yi jifa da filayar, ya kau da kai.

Ta sauke kwanoninta, ta ɗauko filayar, ta ɗaure masa yatsan da ƙyalle.

"Baban Nafi, me ake ƙerawa ne?"

Da ƙyar ya ce, "Shasi."

"Mene ne kuma shasi?"

"Ƙarfen da ake ɗora mota a kai. Inji, bodi, taya, duka." Ya saci kallonta. "Riƙe min nan."

Ta riƙe, ya lanƙwasa. Da la'asar sun fitar da dogayen ƙarafa biyu, kowanne bai wuce tsawon kamu ɗaya ba.

Daga ranar, in ta tashi daga kasuwa ba ta tsayawa hira. Takan biya ta kasuwar Malam Atta ta tsinto masa abin da ya aike ta: wayar keke, mataccen agogo, tsofaffin silifa na yin taya. Ita ke gasa ƙusa a garwashi ta huda ƙarfe, shi yana nuna mata wurin. Ga shi da tsantseni, in rami ya kauce ko da ƙwayar gero ne sai an sake.

Ranar da suka zo kan sifirin, ta jera ƙarafan agogon a kife.

"Haba, Zuera! Da haka kika ɗaura wa motata, ko Nsawam ba za mu kai ba."

"To ni fita ce? Ka ga na taɓa gyaran mota?"

Sai ya fashe da dariya, bakin a karkace, har da tari. Ita ma ta yi, tana goge ido da bakin mayafi.

Kowane ƙarfe suka ɗaura sai ya zo da labarinsa. Da suna haɗa ƙafar baya, ya ce, "Wannan ce ta karye min bayan Tamale, a makon da kika haifi Nafi. Ina kwance ƙarƙashin mota wani direba ya tsaya, ya leƙo ya ce, matarka ta sauka, mace ce. Ban iya fitowa ba. Nan na kwanta ina kuka, mai yana ɗiga min a fuska."

Zuera ta tsayar da aikin. Shekara da shekaru tana ɗauka bai damu da rashin zuwansa sunan ba. Ta gyara masa filon da ya jingina da shi.

Da aka gama, ya sa ta ajiye shasin a simintin tsakar gida. Ya murɗa ɗan sitiyarin da yatsa biyu, tayoyin gaba suka juya tare. Ya tura shi, ya gangara sumul har gindin turmin Lariba, wadda ta riƙe baki tana salati.

"Saura bodi," in ji Zuera.

"Wannan aikin Jamiu ne. Shi ya buga wa motata katako."

"In aika a kira shi?"

"A'a. Ɗauko min rigata."

Suka fita a hankali, shi da sanda, ita da shasin a faranti bisa kai, suna tsallake kwata suna hutawa. Jamiu, tsohon kafinta, yana ganinsu ya yar da zarto ya rungume abokinsa. Ya karɓi shasin, ya kifa shi, ya danna sifirin da babban yatsa.

"Wallahi motarka ce sak! Amma wa ya yi maka ɗaurin nan? Wannan ba aikin hannu ɗaya ba ne."

Iddrisu ya nuna Zuera da haɓa. "Ga fitata nan."

Jamiu ya kakkaɓe benci ya ce su zauna, ya shiga tonon guntayen katako yana tambayar wane launi za a shafa. Iddrisu ya ce a tambaye ta. Zuera ta ɗan yi tunani, ta ce kore.