Tubalin Da Aka Ba Hukuma

Malam Ari magini ne ɗan magini, jikan wani maginin da ya zo daga Barno ya zauna a gindin Dala. Bakinsa da kaifi, ba ya raga wa kowa, amma in ya ce maka soron nan zai yi shekara hamsin, to shimfiɗa tabarmarka a ƙarƙashinsa ka yi minshari. Wannan yardar da aka yi masa ita ta ja masa.

A farkon ranin 1955 Mai Unguwa Nata'ala ya tara magidanta a ƙofar gidansa, ya ce hukuma za ta gina sabuwar makarantar sakandare, kuma fili biyu ake dubawa. Ɗaya ga shi nan bayan unguwarsu, cikin ganuwa, ɗaya can waje da Ƙofar Nassarawa. Ya ce ya jiyo daga sama cewa waɗanda suka fi nuna himma su za a duba. Kowa ya ɗauka kuɗi za a ce a kawo. Sai Malam Ari, da ba wanda ya tambaye shi, ya gyara zama.

"Kuɗi kam babu," in ji shi. "Amma ƙasa ba ta ƙare a kududdufi ba. Mu buga musu tubalin makarantar gaba ɗaya, in ga wanda zai ɗauke ta ya kai bayan gari."

Da wani ne ya faɗa, da an yi dariya an watse. Shi ya faɗa, sai aka tashi haiƙan. Wata biyu cur ana gayya. Dukawa suka ajiye fata, masaƙa suka bar saƙa, masu jakuna suka yi ta jigilar ƙasa, matan aure suna aiko da kunu daga cikin gida. Malam Ari yana tsaye a kan kowa, wando a naɗe, yana faɗa. Ƙasar da ba ta sha taku da ciyawa ba sai an sake takawa. Tubalin da bai yi masa ba ya sa ƙafa ya murƙushe, ko da na liman ne. Da aka gama, filin nan ya cika maƙil, layi bayan layi, har masu hawa Dala suna nuna wa juna.

Daɗi ya kwashi Mai Unguwa Nata'ala. Ya sa babbar riga ya tafi wajen manya, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce talakawansa sun ba hukuma tubalin makaranta kyauta. Aka sa albarka, aka ce an karɓa. Ya dawo yana ta fara'a, mutane ma suka taya shi. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa daga ranar tubalin ya tashi daga nasu.

Sai jira. Ba a aza harsashi sai masu awo sun zo sun kafa turaku, masu awo kuma ba sa zuwa sai kwamitin makarantar ya tsayar da fili. Zafin bazara ya shigo. Malam Ari ya san abin da duk magini ya sani: tubali in an jera shi an yi masa yaɓe zai binne mai shi, in kuwa an bar shi a fili, ruwan yini ɗaya ya ishe shi. Ya fara tashi da safe yana duban gabas, abinci ma ba ya shiga.

Sau huɗu yana takawa ofishin hukuma. Akwai wani akawu mai jan alƙalami a kunne, kullum amsarsa ɗaya, kwamiti bai zauna ba. A na huɗun ya ƙara da cewa injiniyan ya tafi hutu.

"Malam," in ji Ari, "ƙasa ce fa, ba dutse ba. Ko ku ce mu gina, ko ku ce mu kwashe."

"Baba, ni takarda nake karɓa. Wannan maganar ta fi ƙarfina."

Ya dawo wajen Mai Unguwa ya ce to a raba wa mutane, kowa ya gyara gidansa kafin damina, in an tashi ginin a sake bugawa. Nata'ala ya dafe ƙirji. Abin da aka miƙa wa manya a gaban jama'a, har aka sa albarka, shi za a koma a kwasa? Ya ce duk wanda ya taɓa ko ɗaya ba da yawunsa ba, kuma rawaninsa ne zai tafi.

A makon ne Kaltume ta tare shi a lungu. Tsohuwa ce mai tuyar waina, mijinta ya rasu, katangar bayan ɗakinta ta zube tun daminar bara. Malam Ari da bakinsa ya ce mata ta bari a gama tubalin makaranta tukuna, ita kuwa ta yi wata biyu tana aika waina wajen gayya ba ta karɓi ko anini ba.

"Malam, tubali ɗari biyu ya ishe ni," ta ce. "Ga shi can jibge, awaki suna hawa."

"Ba namu ba ne, Kaltume."

"Na wane ne? Wa ya buga?"

Malam Ari ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi har ya ji kamar ya nutse. Ta ja mayafinta ta wuce.

Ya bi gida gida yana aron zana da tsofaffin tabarmi, ya rufe layi shida. Sauran sun fi layi ɗari. Ranar wata Talata bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara ɗauke zanar tun kafin ɗigo ya sauka. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Malam Ari yana tsaye a bakin filin, ba ya ko kare kansa, yana kallon kawunan tubalin suna narkewa, jan ruwa yana gangarawa kududdufin da aka haƙo ƙasar. Da gari ya waye, filin taɓo ne kawai da dunƙule-dunƙule. Mutane suna wucewa suna gaishe shi da ladabi, ba wanda ya ce masa komai, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Bayan kwana tara Isiyaku masinja ya zo a keke da takarda. Nata'ala ya aika aka kira Malam Ari zaure, aka karanta. Kwamiti ya zauna. Makaranta za a yi ta a waje da Ƙofar Nassarawa, da bulon siminti da rufin kwano. Ana gode wa mutanen unguwa, kuma ba za a bar kyautarsu ta tafi a banza ba: da tubalin za a zagaye filin makarantar da katanga. Mota za ta zo kwasa bayan sati uku.

Masinja ya hau kekensa ya tafi. Nata'ala ya daɗe yana juya takardar.

"Malam Ari, ni ba zan iya komawa in ce kayan hukuma sun narke a hannuna ba. Kai suke jin maganarka. A sake bugawa."

"A damina, ranka ya daɗe? Ina ranar da za ta busar da shi?"

"Na sani. To yaya zan yi?"

Malam Ari ya fito. Dukawa suna zaune a rumfarsu, ya rage tafiya kamar zai tsaya, suka ɗago suna jiran abin da zai ce. Ya yi musu sannu da aiki ya wuce. Ya shiga gida ya ɗauko fatanya da kwando, ya gangara kududdufi shi kaɗai, ya naɗe wando ya fara taka ƙasa. Gabas ta riga ta fara yin baƙi.