Koren da Ke Ƙirjin Tsohuwa

Shekara arba'in mai ƙwai yana aiki ɗaya: ya ɗaga ƙwai gaban fitila, ya ga cikinsa ba tare da ya fasa ba. Mai kyau gefe, baragurbi gefe. Shi ya sa ranar da likita ta bayyana aikin da za a yi wa matarsa, shi kaɗai ya yi murmushi a ɗakin.

Ciwon daji ne a nonon hagu. Likita ta ce za a yi wa tsohuwar allurar wani ruwa. In an buɗe wurin aka haska shi da wata fitila, duk inda ciwon ya ɓuya zai fito kore a allon na'ura. Koren kaɗai za a yanke, a bar mata sauran. Amma dole sai tsohuwar ta yarda a rubuce cewa in koren ya bazu, a cire duka.

Tsohuwa ta ƙi. Ta ce nonon da ya shayar da 'ya'ya shida ba za ta miƙa wa fitila hukuncinsa ba, da abinta za ta shiga kabari. Kwana uku yana lallashinta, yana cewa haske bai taɓa yi masa ƙarya ba.

"Kai dai abin mamaki kake son gani, Malam," in ji ta. Amma ta dangwala yatsa a takardar.

Da safe aka shiga da ita. Ya zauna kan wani benci mai gurguwar ƙafa har rana ta karkata, sannan likita ta kira shi, ta juyo masa allon. Ɗigo-ɗigon kore ne tun daga ƙirji har hammata, kamar taurari sun zube cikin rijiya. Bai taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, har ya matso da fuskarsa. Sai da likita ta ce sun cire duka, kuma akwai ɗigon da wuƙa ba za ta kai gare shi ba, sannan ya tuna jikin wa yake kallo.

Da tsohuwa ta farfaɗo, ta kai hannu kan bandejin, ta ji wurin a shafe. Ya riƙe mata hannu, ta dube shi.

"To, mai duba ƙwai, wane gefe aka ajiye ni?"

Ya gyara mata bargo, ya ce an ce ta riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan.

"Ka dai gani?"

"Na gani."

"Ya yi kyau?"

Ya sunkuyar da kai. Ta janye hannunta daga nasa, ta juya fuska ga bango.