Goyon da Ba a Ɗaure Ba

Mahaifiyata Inna Sailuba ta rasu bayan ƙaramar salla. Har yau in na tuna ranar goyon nan sai in kama dariya, hawaye na zuba.

Da ɓarin jikinta ya shanye, ƙanena Zulkifilu ya kai ta wani gidan kula da tsofaffi a wajen Utaiƙa, can ƙasar Larabawa inda suke zaune, ni kuma na taso daga Gusau na zo jinya. Fatarta ta koma kamar ɓawon albasa. Ƙarfen gado ya goge ta, sai ta yage. Filasta ma in an ɓamɓare, da fata yake tafiya. Nas Munirat, 'yar Ilori mai gurguwar Hausa, ita ke wanke ciwon da ruwan gishiri, ta lallaɓa fatar ta koma mazauninta, ta rufe, ta zana kibiya a kan bandejin don mai cirewa ya san ta inda zai ja.

Ana haka Jamilat 'yar Zulkifilu ta haifi namiji, aka sa masa Usaid. Inna ta tubure. Ta ce kaf zuri'arta babu wanda bai hau bayanta ba, wannan ma sai ta goya shi kafin ta tafi.

"Mamnu'u, Mama, an hana!" in ji Munirat. "A ɗaura zani a ƙirjinki? Fata duka zai tafi."

"Ke Bayarabiya, fatar taki ce ko tawa?"

Daga nan Inna ta juya wa abinci baya. Kunu ma sai ta kau da kai. Na yi lallashi, Zulkifilu ya yi, a banza. Na je na sami Munirat na ce, 'yar uwa, yunwa za ta riga ciwon. Sai ta ce ai ɗaurin ne matsala, ba yaron ba.

Wayyo, ranar! Juma'a ce bayan la'asar. Tun safe nake shafe Inna da man kaɗe har tana ƙyalli. Aka yanke wa Usaid farce, aka sa masa safa a hannu. Kowa ya cire zobe da awarwaro. Muka zaunar da ita a bakin gado, filo a gabanta, tawul mai laushi a bayanta. Jamilat ta kwantar da yaron a kai. Muka zagaya su da zani. Ni na riƙe baki ɗaya, Munirat ta riƙe ɗayan, muka ja gaba ba tare da ya taɓa ƙirjinta ba.

"Shuwayya shuwayya," Munirat ke ta faɗi, wato a hankali a hankali.

Yaro ya canyara kuka. Sai Inna ta fara jijjiga, da rabin jikin nan nata mai motsi, tana bubbuga gefen gado. Wallahi ya yi tsit! Tsohuwar Balarabiyar da ke gadon gefe ta rangaɗa guɗa. Zulkifilu da ke ɗaukar hoto ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Can Usaid ya kwararo mata tumbuɗi a wuya.

"Kun gani?" in ji Inna. "Maigidan ya biya sadaki. Jamilat, nemi naki mijin, wannan nawa ne."

Aka sauke shi. Munirat ta ɗaga tawul a hankali, ta duba baya, ta duba hammata, ta duba ƙirji. Ko ƙwarzane babu. Sai ga nas guda da farin kaya tana taka rawa a tsakar ɗaki, ni kuma ina tafi kamar yarinya.

"To ku tsaya kallona," Inna ta ce, ta juyo wajena. "Sabuwa, ina tuwon?"

Ta ci har da neman ƙarin miya.

Ranar da muka yi mata wankan ƙarshe, da auduga na bi jikinta, a hankali, yadda Munirat ta koya mini. Ban bar ko wuri ɗaya ya yage ba.