Ganyen Raken Malam Ukasha

Munira ta sake danna wurin gyara rubutu, shafin ya sake haukacewa. Ganyen rake ya haye kan akwatin rubutu, maɓallin ajiyewa ya ɓuya a bayansa, haruffa suka koma kore a kan kore. Ta ja tsaki. A bayan katanga, a gidan Malam Ukasha, ana ta jan ruwa a rijiya don wankan gawarsa.

Shi ya gina wa ƙungiyar manoman rake ta unguwarsu a Makarfi wannan shafi na intanet, ita kuma sakatariya, ita ke sa labarai. Mutum ne mai son ado kamar amarya. Ya sa ganye yana kaɗawa a saman shafin. Masu karatu na yabawa, amma da an shiga ciki don gyara sai umarnin adon ya yi karo da na wurin gyaran, komai ya cakuɗe. Ta sha yi masa mita ta kan katanga. Sai ya yi dariya, ya taɓa wani abu a wayarsa, abin ya daidaita.

Da ciwon hanta ya kwantar da shi ta shiga dubiya, ta tarar ya rame har zobe na yawo a yatsarsa. Duk da haka bakinta bai yi shiru ba.

"Malam, don Allah ka cire ganyen nan, ya hana ni aiki."

"Kashe shi za ki yi kafin ki shiga, in kin gama ki kunna," ya ce da ƙyar, ya nuna mata wurin can cikin saituna. "Amma na san ki. Ranar da kika kashe shi, ya tafi ke nan."

Ta ce masa wallahi ya canka.

Yau ga matarsa Khadijatu ta aiko: wasiyyarsa ce a sa sanarwar rasuwarsa a shafin kafin a kai shi, kuma bayan azahar za a sallace shi. Maganar da ya yi mata ranar dubiya ta hana Munira taɓa adon. Ta yi ta fama ta rubuta a haka, abu ya ƙi. Haushin shafin da na mamacin da na kanta suka taru suka yi mata yawa. Ladan ya fara gyaran murya a lasifika.

Ta shiga saituna ta kashe. Shafin ya yi fari tas, yadda ta daɗe tana so. Ta rubuta sunansa da lokacin jana'iza, ta ajiye ba gardama. Sai a nan kuka ya ƙwace mata.

Ta ji an fito da makara, takalman maza suna wucewa ta ƙofar gida. Ta share fuska da gefen hijabi, ta koma saituna ta kunna. Ganyen ya dawo, yana kaɗawa a hankali a saman sunan Malam Ukasha.