Ban Jin Hillanci

"Amiru, kai am maƙwabci nai. Mi shika hwaɗi bisa tudun can?"

Attahiru, shugaban 'yan sa-kai na ƙauyenmu, shi ya yi mini tambayar a ƙofar masallaci bayan la'asar, gaban jama'a. Labbo yana zaune a ƙasa tsakanin samari biyu masu bindigogi, an cire masa hula.

Na san amsar kamar yadda na san sunan 'ya'yana. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Labbo, kuma tun muna yara nake bin shi kiwo. A bakinsa na koyi Fillanci, yana dariyar karkataccen harshena yana kirana Kaɗo, wato Bahaushe a bakinsu. Bara 'yan bindiga suka kore masa shanu kakaf, ko maraƙi ba su bari ba. Tun daga ranar, da yamma ta yi sai ya hau tudun bayan gari ya fuskanci daji, ya riƙa kiran shanunsa da sunayensu, Saye da Wule da sauran. In ya gaji ya sauko ya yi alwala. Ba hauka ba ne, kewa ce.

Matsalar ita ce a tudun nan kaɗai ake samun sabis na waya. Kuma a makon nan aka tare mutanenmu a hanyar kasuwar Kurawa aka kashe ƙanen Attahiru. Ga ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone a gona bayan mun sake shuka, kowa zuciyarsa a wuya. Sai magana ta zaga gari cewa akwai infoma a cikinmu, wani Bafillace da ke hawa tudu yana yi wa na daji ishara.

Na dubi idanun samarin nan. Na tuna a garinmu yanzu wanda ya kare infoma shi ma infoma ne, na tuna 'ya'yana mata. 

"Ni ban jin Hillanci," na ce.

Labbo ya ɗago ya dube ni. Ya mai da kansa ƙasa. Samarin suka ɗora shi a babur suka ce tambayoyi kawai za su yi masa.

Washegari da hantsi suka ajiye shi a bakin zaurensa, sun ce ba su samu komai ba. Ko waya ba shi da ita, abin da duk gari ya sani tun farko. Ni da matarsa Fatsuma muka kama shi muka shigar da shi ɗaki. Haƙarƙarinsa sun karye, numfashi da ƙyar. Na ce a kai shi asibitin Sabon Birni, masu babura suka ce hanya ba ta biyuwa. Gaskiya suka faɗa, amma na san ko tana biyuwa ba wanda zai so a gan shi ɗauke da Labbo.

Na koma jinya. Na kawo mai ɗori, matata tana dama kunu, na yanka zakaran da ya rage mini. Fatsuma sai godiya take, tana cewa Allah bai ba kowa maƙwabci irina ba. Ita ba ta ƙofar masallaci ranar, kuma mijinta bai gaya mata ba. Duk godiyar da ta yi sai na ji kamar ta mare ni.

Ranar da zai rasu, da rana tsaka, zazzaɓi ya rufe shi, Hausa ta kuɓuce masa. Fatsuma ta tafi rijiya, layi ya riƙe ta. Ya motsa leɓe a hankali.

"Hokkam ndiyam."

Ruwa yake so. Ban tsaya tunani ba na ɗebo a randa, na tallafi kansa na kai masa ƙoƙo baki. Ya kurɓa kaɗan, ya tsaya yana kallona har na rasa inda zan sa idona.

"Ashe ba ka mance ba, Kaɗo," ya ce da Fillanci, har da ɗan murmushi.

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na buɗe baki in nemi gafara, kunya ta hana ni, na ce bari ya huta tukuna. Bai sake magana ba. Kafin la'asar ya cika.

Sahun jana'izarsa bai cika ɗaya ba. Attahiru ya zo, ya tsaya can baya, ya tafi ba tare da ya yi wa kowa gaisuwa ba.

Da Fatsuma ta gama takaba 'yan'uwanta suka zo daga Nijar suka tafi da ita. Ta bar mini randa da tabarma, ta roƙe ni in tuge turakun dangwali, igiyar da Labbo yake ɗaure maruƙa, don har ya kwanta bai taɓa naɗe ta ba. Na ce mata to.

Har yau igiyar tana nan a bayan gidan, a miƙe tsakanin turaku biyu. Da yamma kajina sukan bi ta cikin maɗaukanta suna tonon ƙasa.