Wutsiyar Taken Tarawele

Shekara arba'in da ɗaya Jeli Mamutu Kuyate yana ɓoye wani giɓi a cikin kiɗansa, kuma duk faɗin garin Segu ba wanda ya gano. Taken gidan Tarawele ne, wanda kakanninsa suka yi wa kakanninsu tun ana yaƙi da kibiya. A ƙarshen rayuwarsa, mahaifin Mamutu in ya kaɗa taken a taro, yakan kai wani wuri ya ɗora tafinsa kan tsirkiya ya ce, "Saura wutsiya, ita ta gida ce." Mamutu ya roƙa ya koya masa, tsohon ya ce sai ya ƙara nuna. Ba abin mamaki ba ne, kowane jeli, wato makaɗin gado, yakan riƙe wani abu don kada ɗa ya ƙoshi da wuri. Sai zazzaɓin kwana uku ya tafi da shi, da wutsiyar da komai. Tun daga ranar, in Mamutu ya iso wurin, sai ya saki yatsunsa su yi ta gudu bisa tsirkiya ashirin da ɗaya ta kora, babbar garayar da yake kaɗawa, har mata su ɓarke da guɗa. Kowa ya ɗauka ita ce wutsiyar.

Shi kaɗai ya san ƙarya yake. Ta gaskiyar a cikin barci kawai ya taɓa jin ta, yana saurayi, da safe, lokacin da mahaifinsa ke kaɗawa a tsakar gida shi kuwa yana ramuwar gajiyar biki. A cikin barcin ta zauna har yau. Kullum bayan azahar in ya kishingiɗa a gindin mangwaro, sai ya ji taken yana tahowa daga wajen kogi a hankali, kamar kwalekwalen da ba kowa ciki. Ya matso, ya matso, har ya ji ƙamshin hayaƙin safiyar gidansu. Da ya miƙa hannu sai ya farka, ƙuda na yawo a leɓensa.

A majalisar makaɗa ta gindin mangwaron nan kowa ya san matsayinsa. Mai kora ke shan kofin shayi na farko. Mai molo na biye yana harara, don a ganinsa molo ya riga kora shiga fada. Su biyun ba su ɗauki mai balafo, jerin katakan nan da ake bugawa da sanda, a bakin komai ba, wai dukan itace yake yi. Mai balafo ya huce kan masu ganga, masu ganga su huce kan masu jita da fiyano, waɗanda in an ɗauke wuta sai su koma 'yan kallo. Abu ɗaya ya haɗa kansu, shi ne raina tsuntsaye. Haka ake kiran matan yankin Wasulu da ba su gaji waƙa ba, sun dai wayi gari da murya ne suka kama rerawa a suna da biki. A nan ma Mamutu ne kan gaba. An taɓa gayyatarsa wani biki ya tarar da ɗayarsu, Konimba Jakite, tana waƙa, ya ƙi kwance jakar korarsa. Da aka tambaye shi dalili ya ce da ƙarfi, "Ni ba na kiɗa a akurki." Sai da aka sallame ta ya zauna. Shekara ashirin ke nan, majalisa ba ta daina dariyar maganar ba.

Wata Talata da hantsi aka aiko cewa Ba Sine Tarawele, ubangidansu, yana nemansa. Tsohon ya haura casa'in, wata biyu bai sa ƙafa a ƙasa ba. Mamutu ya durƙusa bakin gado ya fara jero kirari, Ba Sine ya ɗaga hannu.

"Ajiye wannan, Mamutu. Ba ka gaji da yi mini wayo ba?"

"Wane wayo, ranka ya daɗe?"

"Gudun yatsun nan naka. Na yi shiru ne don darajar babanka. Ni na sha zama a tsakar gidanku bayan asuba yana kaɗa mini wutsiyar, na san ba ita ba ce." Ya numfasa. "Kwanana sun ƙare. Ina so in ji ta sau ɗaya, ta gaskiya."

Kunya ta rufe Mamutu har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce, "Ba ni da ita, Ba Sine. Bai ba ni ba."

"Na sani. Yarinyar da ke muku daka a lokacin tana da ita. Na taɓa jin ta tana rerawa a bakin kogi. Tana ƙetare, garin masu tukwane. Ai ka san ta, kai ka kore ta daga bikin jikata."

Mamutu ya fito ya nufi gida. Shi wallahi bai ma san tsuntsuwar nan ta taɓa zama gidansu ba. Wa yake kallon mai daka?

Kwana biyu yana kai-kawo da zuciyarsa. A na uku ya rataya kora ya nufi mashigi. Sekuba mai molo ya hango shi daga majalisa ya ɗaga murya, "Yaya Mamutu, ina zuwa da rana tsaka? Ko kifaye ne suka yi haihuwa?"

"Za ni in nemo maka ƙarin tsirkiya, ko ka fara kiɗa kafin ka mutu."

Aka kwashe da dariya, ya wuce.

Damina ta ƙare, kogi ya cika ya yi lumui. Ya shiga jirgi, mai fito ya tura. Ruwa da sama suka zama launi ɗaya, har Mamutu ya rasa gane ko tafiya suke ko tsaye suke, ganyen bado ne kawai ke wucewa ɗaya bayan ɗaya. Iska ta bi ta cikin tsirkiyoyin korar da ke cinyarsa, suka yi wani siririn kuka su kaɗai. Ya lumshe ido, ya ga mahaifinsa zaune a ɗaya ƙarshen jirgin da farar hularsa, yana kallon ƙetare, bai waiwayo ba. Hancin jirgi ya daki laka, ya buɗe ido.

Ya sami Konimba a bayan gida tana bakacen gero, mace doguwa, kanta ya yi furfura. Ta dube shi, ta dubi korar, ta ci gaba da aikinta.

"Jeli Mamutu da kansa? Ka yi ɓatan kai. Nan akurki ne."

"Na san na yi laifi, Konimba."

"Ashe kana da baki banda na kirari. Zauna, ga turmi can a kife, kujerunmu ke nan."

Ya zauna, ya faɗa mata abin da ke tafe da shi, bai rage komai ba, har da shekara arba'in da ɗaya na ƙaryar. Ta ƙarasa bakacenta. Daga baya ta ce, "Don Ba Sine zan yi, shi yakan kawo mini alewa in ya zo gidanku. Amma ni ba na iya ta a zaune. Kuma ba na waƙa ba ɗan amshi."

Rabon Mamutu da yi wa wani amshi tun yana da shekara goma sha biyar. Ya ce to.

Ta zuba gero a wani turmin ta ɗaga taɓarya. Dum. Ta saki murya ƙasa-ƙasa, gajeriyar waƙa, hawa ɗaya sauka biyu. Dum. Shi kuma ya ce, "Na'am." Tsigar jikinsa ta tashi. Ita ce. Ga hayaƙin safiya, ga tattabarun mahaifinsa, ga sanyin tabarma a kumatunsa, duk sun dawo, kuma yau idonsa biyu. Ya jawo kora ya bi ta, sai ya ga tsirkiya uku kacal ake bukata. Uku! Irin abin da in ɗalibi ya kaɗa a gabansa zai ce ya je ya koyi noma. Kafin ya ankara yatsunsa sun fara aikin da suka saba, suna cike ko'ina da ado.

Taɓarya ta tsaya.

"Kai, ka cika surutu da yatsu. Ina zan sa taɓaryata? Babanka wuri yake bar mini."

Ya sake, ya bar wurin. Abin ya yi masa wuya fiye da duk gudun da ya taɓa yi, yatsunsa sai nema suke su faɗa cikin shirun. Amma da dum ɗin ya sauka daidai inda ya bari, sai kiɗan ya tashi tsaye da ƙafafunsa. Suka yi ta yi har gero ya zama gari, inuwar katanga ta rufe su. Hawaye na bin gemunsa bai share ba.

Da suka tsaya ya ce, "Ko daga wane kaka wannan ta fito? Ta yi kama da ta zamanin farko."

Konimba ta yi dariya har ta riƙe ƙugu. "Wane kaka? Tawa ce. Ina da shekara goma sha biyu aka kawo ni gidanku, ina kewar uwata, sai in riƙa yi ina daka don kada in yi kuka. Babanka ya ji, ya ɗauki kora ya bi ni. Ya ce taken Tarawele ya shekara ɗari uku yana neman inda zai kwanta, sai yau ya samu." Ta kakkaɓe zaninta. "Ba rowa ya yi maka ba. Ya ce mini, 'Ba tawa ba ce da zan ba shi. Ran da ya iya tambayarki, ki ba shi.' Na jira, na jira. Sai ga ka a biki."

Mamutu ya sunkuyar da kai. Ya so ƙasa ta tsage.

Washegari da hantsi suka ƙetaro tare, turmi a tsakiyar jirgi. Labari ya riga su isa. Duk 'yan majalisa sun hallara a tsakar gidan Tarawele, an fito da Ba Sine an kwantar a inuwar rumfa. Da aka ga an dire turmi kusa da kora, Sekuba ya sunkuyo ya raɗa masa, "Yaya, tuwo za a yi ko kiɗa? Ka tuna ko kai waye."

Mamutu bai kula shi ba. Ya kaɗa kan taken, ya kaɗa cikinsa, ya iso wurin, ya ɗora tafinsa kan tsirkiya. Al'adar jeli ce, ba ya fito da abin da ba a taɓa ji ba sai ya faɗi daga hannun wa ya karɓa. Yana iya cewa daga ubansa, ya yi shiru, ba wanda zai ƙaryata shi, Konimba ma ƙasa take kallo. Ya dubi fuskokin da suka shekara ashirin suna taya shi dariya. Ya ɗaga murya.

"Wannan," ya ce, "ban gada ba. Ubana ya karɓa daga hannun Konimba Jakite ta Wasulu, ni ma jiya na durƙusa na karɓa daga gare ta. Ni ɗan amshinta ne."

Wani ya ja tsaki can baya. Konimba ta ɗaga taɓarya. Dum. Tsirkiya uku suka amsa, suka ja baya suka bar mata wuri. Ba guɗa, ba wanda ya taso ya yi liƙi. Ba Sine ya rufe ido, babban yatsan ƙafarsa ya leƙo daga ƙarƙashin mayafi yana motsi tare da taɓarya.

Da suka kai ƙarshe ya buɗe ido, ya tsallake Mamutu da kallo, ya tsaya kan matar.

"'Yata," ya ce, "ki ce wa yaronki ya sake."

Mamutu ya gyara zama ya jira ta ɗaga taɓarya.